Sifiriyan Na Kartaj: Bishop Ɗin Da Aka Ce Ya Gudu Ya Bar Garke

Karatu: Yahaya 10:11-15, 1 Bitrus 5:1-4

Yau za mu duba rayuwar wani bawan Allah ɗan Afirka, wato Sifiriyan, bishop na birnin Kartaj. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci sun san sunan, gama akwai masu amsa Cyprien a Parakou da Djougou, ko da yake ba kowa ya san labarin mutumin da ake sa wa yara sunansa ba. Shekara goma kaɗai ya yi yana shugabanci, kusan dukansu kuwa cikin gardama a kan abu guda: maganar wa za a bi a cikin ikkilisiya? Ta wanda aka ɗora wa hannu aka naɗa, ko ta wanda ya sha wuya saboda sunan Yesu har kowa yana ganin girmansa, ko kuwa ta shugaban ikkilisiyar babban birni?

An haife shi wajen shekara ta 200 zuwa 210 bayan haihuwar Almasihu. Kartaj a lokacin babban birni ne a bakin teku, ƙarƙashin mulkin Romawa, kufansa yana nan kusa da Tunis a ƙasar Tunisiya. Iyayensa masu arziki ne, masu bautar gumaka. Ya yi ilimi sosai, ya zama malamin koyar da iya magana a gaban jama'a, sana'ar da take kai mutum gaban alƙalai da masu mulki. Sai da ya manyanta, wajen shekara ta 246, wani dattijon ikkilisiya mai suna Kesiliyus ya jawo shi ga Almasihu. Bayan baftisma ya sayar da dukiya mai yawa ya raba wa matalauta, ya duƙufa ga karatun Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen Tartuliyan, wani malamin Kartaj da ya riga shi, wanda yake ɗauka a matsayin malaminsa.

Ikkilisiyar da ya shiga ba tsohuwa ba ce. Labari na farko da muke da shi na masu bi a wannan yanki shi ne na waɗanda aka kashe a Kartaj a shekara ta 180, wato kamar shekara saba'in kafin shugabancinsa. Idan muka tuna 'yan mishan na SIM sun soma aiki a arewacin ƙasar nan ta Benin a 1946, za mu ga yawancin ikkilisiyoyinmu ba su fi tasa tsufa da yawa ba. Shi ya sa damuwarsu ba ta yi mana kama da baƙuwa.

Bai fi shekara biyu ko uku da tuba ba sai bishop na Kartaj ya rasu. Jama'a suka ce Sifiriyan suke so. Fontiyus, dikon ɗin da ya rubuta tarihinsa, ya ce ya so ya kauce, amma mutane suka kewaye gidansa har ya yarda. Dattawa biyar ba su amince ba. Kada mu yi saurin zarginsu da hassada, gama suna da aya a hannu: a 1 Timoti 3:6 Manzo Bulus ya hana a ɗora sabon tuba kan wannan aiki. Sun yi shekaru suna hidima, ga shi an tsallake su an ɗauko mutumin da jiya-jiya yake cikin haikalin gumaka, saboda sunansa da iliminsa da kyautarsa. Wannan ƙulli bai warware ba, ya kwanta ne yana jiran rana.

Ranar ba ta daɗe ba. A 249 Desiyus ya hau sarautar Roma, ya ba da doka cewa kowane mutum a daularsa ya miƙa hadaya ga alloli a gaban wakilan hukuma, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da arba'in a ƙasar Masar, da sunayen masu su da sa hannun shaidu. A watan Janairu na 250 Fabiyan, bishop na Roma, ya mutu a hannun hukuma. A Kartaj taron jama'a suka yi ta ihu a jefa Sifiriyan ga zakoki. Shi kuwa ya fita daga birnin ya ɓuya, hukuma ta ƙwace dukiyarsa. Ya yi fiye da shekara guda a ɓoye, yana bi da ikkilisiya ta wurin wasiƙu, yana aika kuɗi domin matalauta da waɗanda ke kurkuku.

Nan sunansa ya ɓaci. Dattawan Roma, waɗanda suka binne bishop ɗinsu, suka rubuta wa ma'aikatan Kartaj wasiƙa. Ba su zage shi a fili ba, amma suka kawo zancen makiyayi mai kyau da ɗan ƙodago wanda ke gudu in ya ga kyarkeci. Kowa ya gane inda aka dosa. Da wasiƙar ta kai hannunsa, Sifiriyan ya mayar musu da ita, yana tambaya ko da gaske su suka rubuta, tun da ba sunan mai aikowa a kai. Daga baya ya tattara wasiƙu 13 da ya rubuta wa jama'arsa daga maɓoya ya aika Roma, domin su gani da idonsu ko ya yi watsi da garken. Hujjarsa ita ce zamansa a birnin zai jawo wa sauran masu bi fushin jama'a, kuma Ubangiji da kansa ya ba almajirai izinin gudu zuwa wani gari in an tsananta musu (Matiyu 10:23). Dattawan Roma suka karɓi bayanin. Amma a Kartaj maganar ba ta mutu ba, abokan gābansa suka riƙe ta har ƙarshe.

Abin da ya faru a bayansa ya fi wannan zafi. Masu bi da yawa ƙwarai suka fāɗi. Waɗansu ba su jira a kira su ba, suka tafi da kansu suka yi layi. Akwai waɗanda suka ci naman hadaya, akwai waɗanda suka zuba turare kawai, akwai kuma masu wayo da suka ba da cin hanci aka rubuta musu takarda ba tare da sun kusaci bagadi ba. Waɗansu kuma suka tsaya. Aka sa su a kurkuku, aka azabta su, waɗansu suka mutu da yunwa a ciki. Waɗanda suka rayu, jama'a suka ɗauke su kamar mutanen da ƙafarsu ɗaya tana sama. An gaskata cewa addu'arsu tana da nauyi na musamman a gaban Allah.

Da tsanani ya ɗan lafa, waɗanda suka fāɗi suka so komowa ga Jibin Ubangiji. Bishop ba ya nan, sai suka nufi ƙofar kurkuku. Masu shaidar nan suka fara rubuta musu takardun salama, cewa a karɓi wane. Tun dā akwai al'adar mai shan wuya ya roƙi bishop a sassauta wa wani, amma yanzu abin ya wuce roƙo. Wani mai suna Lusiyan ya riƙa ba da takardu da sunan wani Bulus da ya riga ya mutu a tsananin, yana cewa marigayin ne ya bar masa wasiyya. Waɗansu takardun ba su ma ambaci sunaye ba, sai a rubuta wane da mutanensa, mutum ya kwaso dangi da maƙwabta. A ƙarshe Lusiyan ya aika wa Sifiriyan 'yar gajeriyar wasiƙa da sunan dukan masu shaida, cewa sun ba da salama ga duk wanda ya fāɗi, shi kuma ya sanar da sauran bishop-bishop. Dattawan nan da ba su so naɗinsa tun farko suka soma ba mutane Jibi bisa ga waɗannan takardu, ba tuba, ba horo.

Mai karatu, ka sa kanka a matsayinsa. Ga mutanen da tabon bulala ke jikinsu, ga kai da ka ɓuya. Da wane baki za ka ce musu ba su da iko? Duk wanda ya zauna cikin majalisar dattawa ya san irin wannan. Akan sami wanda ya kafa ikkilisiya da guminsa, ko wanda iyalinsa suka kore shi saboda bangaskiya, in ya yi magana ba mai iya musu, ko da tsarin ikkilisiya ya faɗi dabam. Fataken dā da ke bi ta Djougou da goro daga Gonja zuwa Kano sun san cewa a cikin ayari akan sami attajirin da ya fi madugu dukiya da suna, amma in kowane mai suna zai yanke inda za a yada zango, ayarin ba zai kai gida ba.

Yadda Sifiriyan ya bi da al'amarin shi ne abin da na fi sha'awa a dukan tarihinsa. Bai rage wa masu shaida daraja ba, wasiƙunsa cike suke da yabonsu. Ya roƙe su su riƙa rubuta sunan mutum ɗaya-ɗaya, wanda suka sani, suka kuma ga tubansa. Ya yarda cewa wanda ke da takardarsu, in ciwon ajali ya kama shi, a karɓe shi kada ya mutu a waje. Sauran kuwa su jira har salama ta dawo, bishop-bishop su zauna tare da dattawa a gaban jama'a a duba maganar kowa. Ya tuna musu cewa wanda aka yi wa laifi shi ne Ubangiji, don haka bawa ba shi da ikon yafe bashin maigidansa yadda ya ga dama. Sa'an nan ya ɗauki waɗansu daga cikin masu shaidar ya sa su cikin ma'aikata. Samari biyu, Aureliyus da Selerinus, ya naɗa su masu karanta Littafi a sujada. Numidikus, wanda aka ƙone matarsa, shi ma aka bar shi a kan ya mutu da ƙuna da jifa har 'yarsa ta same shi da sauran numfashi, ya sa shi cikin dattawan Kartaj. Da haka darajar da suka samu a kurkuku ta shigo ƙarƙashin tsarin ikkilisiya.

Ba kowa ya yarda ba. Wani dikon mai suna Filisisimus, da goyon bayan dattijo Nobatus, ya ja ƙungiya, ya yi wa mutane barazana cewa duk wanda ya karɓi taimako daga wakilan bishop ba shi da zumunta da su. Aka fitar da shi. A nan ya kamata a faɗi gaskiya: Sifiriyan yana da kaifin harshe. Laifofin da ya jera a kan Nobatus munana ne ƙwarai, kuma daga bakinsa kaɗai muke jin su, gama rubutun ɗaya ɓangaren bai iso gare mu ba.

Bayan Ista ta 251 ya komo Kartaj, ya kira majalisar bishop-bishop. Suka yanke cewa waɗanda suka sayi takarda za a karɓe su bayan an bincika tubansu. Waɗanda suka yi hadaya za su zauna cikin horo mai tsawo, amma ba za a hana su salama a bakin mutuwa ba. Ma'aikacin da ya fāɗi zai iya komowa cikin zumunta, ba zai koma kan aikinsa ba. Ba a daɗe ba, da aka ga alamar wani tsanani yana tafe, wata majalisa ta karɓi dukan waɗanda suka nace da tuba, bisa ga hujjar cewa ba a aika soja yaƙi da yunwa.

A Roma rikicin ya fito ta wata fuska. Bayan wata 14 ba bishop, aka zaɓi Karniliyus a watan Maris na 251. Nobatiyan, dattijon da ya fi kowa ilimi a can, marubucin littafi a kan Triniti, ya ce ikkilisiya ba ta da ikon karɓar wanda ya yi musun Almasihu. Ya sami bishop uku suka naɗa shi. Abin mamaki, Nobatus wanda a Kartaj yake cewa a karɓi kowa ba horo, da ya haye teku sai ya haɗa kai da mai cewa kada a karɓi kowa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba koyarwa ce kawai ke motsa mutane cikin irin wannan faɗa ba. Sifiriyan ya san Nobatiyan, gama shi ne ya rubuta waɗansu wasiƙun dattawan Roma da suka goyi bayansa a kan horo. Duk da haka ya aiki bishop biyu su bincika yadda zaɓen ya gudana, da ya tabbata an naɗa Karniliyus bisa ga ƙa'ida kuma shi aka fara naɗawa, ya tsaya a bayansa. A wannan lokaci ne ya rubuta littafinsa a kan ɗayantakar ikkilisiya. A ciki ya koyar cewa aikin bishop ɗaya ne, kowane bishop yana riƙe da shi cikakke a inda yake, wanda kuma ya ware ya kafa nasa bagadi ya fita daga gidan. Ya ɗaure ceto da zama ƙarƙashin bishop da ƙarfi har fiye da yadda yawancinmu za mu yarda. Kafin a jima Kartaj kanta ta sami mutum uku masu amsa sunan bishop: shi, da na masu sassauci, da na 'yan Nobatiyan.

Abin da ya dawo masa da zuciyar birnin ba gardama ba ce. Wajen 252 annoba mai tsanani ta auka wa Kartaj. Mutane suna gudun 'yan'uwansu, ana yasar da gawawwaki a titi. Wannan karon bai je ko'ina ba. Ya tara masu bi, ya raba musu aiki, masu kuɗi su ba da kuɗi, marasa shi su ba da ƙarfinsu, ya kuma ce a yi jinyar kowa har da waɗanda suka tsananta musu. Haka kuma da mahara suka kwashe masu bi a yankin Numidiya, ikkilisiyarsa ta tara kuɗin Roma sastar 100,000 domin fansarsu, ya aika da sunayen waɗanda suka bayar domin a riƙa yi musu addu'a.

Gardamarsa ta ƙarshe da bishop na Roma ce. Istifanus ya hau a 254. Tambayar ita ce, wanda aka yi wa baftisma a cikin ƙungiyar da ta ware, in ya zo, a sake yi masa? Sifiriyan da yawancin Afirka suka ce a yi masa, gama a ganinsu ba baftisma a waje da ikkilisiya. Istifanus ya ce al'adar Roma ita ce a ɗora masa hannu kawai, ya kuma nemi kowa ya bi, yana dogara ga cewa shi ne magājin Bitrus. Har ya ƙi ganin jakadun Afirka, ya hana a ba su masauki. Ran 1 ga Satumba 256 bishop 87 suka ba da ra'ayinsu a majalisar Kartaj. Da yake buɗe taron, Sifiriyan ya ce kowa ya faɗi ra'ayinsa a sake, ba wanda zai mai da kansa bishop a kan sauran bishop-bishop, ba kuma za a yanke zumunta da wanda ya ga dabam ba. Dukansu suka goyi bayansa. Firmiliyan na Kaisariya ta Kafadokiya ma ya rubuto da goyon baya, da kalmomi masu zafi a kan Istifanus. Sifiriyan ya tuna wa mutane cewa sa'ad da Bulus ya tsauta wa Bitrus, kamar yadda yake a Galatiyawa sura 2, Bitrus bai fake da cewa shi ne na fari ba. Sura ta huɗu ta littafinsa na ɗayantaka ta iso gare mu iri biyu, ɗaya tana ɗaukaka kujerar Bitrus, ɗayar tana nanata daidaituwar manzanni, masana da yawa kuwa suna ganin shi ne ya sake rubuta ta sa'ad da ya ga yadda Istifanus ke amfani da maganar. Mutumin da ya hana masu shaida su ɗora sunansu bisa tsari, shi ne kuma ya hana babbar kujera ta danne 'yan'uwanta. Istifanus ya rasu a Agusta 257 ba a sasanta ba.

A wannan wata ne Sarki Baleriyan ya ba da doka a kan shugabannin ikkilisiya. Ran 30 ga Agusta 257 aka kai Sifiriyan gaban gwamna Faternus. Ya amsa cewa shi Kirista ne, bishop kuma. Da aka nemi sunayen dattawansa ya ƙi bayarwa. Aka kore shi zuwa Kurubis, wani ƙaramin gari a bakin teku, ya yi shekara guda can yana aika wa masu bi da aka tura haƙar ma'adinai wasiƙu da taimako. A 258 aka komo da shi, ga kuma sabuwar doka cewa a kashe bishop da dattawa da dikinoni nan take. Labari ya zo cewa an kashe Sistus, bishop na Roma, ran 6 ga Agusta. Manyan abokansa suka ba shi wurin ɓuya, ya ƙi. Sau ɗaya kawai ya kauce na 'yan kwanaki, sa'ad da ya ji za a kai shi Utika a yi masa shari'a, domin ya ƙudura cewa a birninsa, a gaban jama'arsa, ya kamata bishop ya ba da shaidarsa.

Ran 13 ga Satumba aka kama shi. Masu bi suka kwana a ƙofar gidan da aka tsare shi. Kashegari gwamna Galeriyus Maksimus ya umarce shi ya yi hadaya, ya ƙi, aka yanke masa hukuncin sara da takobi, ya yi wa Allah godiya. A filin da aka kai shi ya tuɓe mayafinsa, ya durƙusa ya yi addu'a, ya ce a ba haunin zinariya 25. Ya ɗaure idanunsa da kansa, wani dattijo da wani mataimakin dikon suka ɗaure masa hannu. Da dare masu bi suka ɗauki gawarsa da kyandir da jiniya suka binne. Fontiyus ya ce shi ne bishop na farko a Afirka da ya mutu haka.

A kan baftisma, ikkilisiya ba ta bi ra'ayinsa ba. Majalisar Arles ta 314 ta yanke cewa wanda aka yi wa baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba za a sake yi masa ba. Amma sunansa ya yi nauyi har ɓangarori biyu suka riƙa jayayya a kansa. 'Yan Donatus, waɗanda suka raba ikkilisiyar Afirka fiye da shekara ɗari, suka ce su ne magādansa tun da suna sake baftisma. Wajen shekara ta 400 Agustin, bishop na Hiffo, ya rubuta littafi guda domin amsa musu. Ya yarda Sifiriyan ya yi kuskure a wannan batu, sa'an nan ya kai su ga maganarsa ta buɗe taron 256, inda ya ƙi yanke zumunta da waɗanda suka saɓa masa. Wasiƙu kusan 80, nasa da waɗanda aka rubuta masa, suna nan har yau, har da wadda dattawan Roma suka yi masa habaici da ɗan ƙodago.